Farar Ƙasar Ƙanƙara da Alif ɗin Randarmu

Wata 'yar aji biyar daga Faskari ta aiko da tambaya: wai me injiniyan sinadarai yake yi in ba aikin matatar mai ba, kuma mene ne amfanin digiri na biyu bayan an sha wahalar shekara biyar? Ni kaina ina aji uku ne a wannan fanni, ban kai can ba tukuna, amma tambayar ta mayar da ni gida Mairuwa.

Da damina ruwanmu yakan yi ja. Kakata sai ta jefa ɗan alif a randa, kafin azahar laka ta kwanta, ruwa ya washe. Abin da gidajen tace ruwa suke yi ke nan da ruwan madatsa irin tamu ta Mairuwa, wadda ake shayar da Funtuwa da ita, sai dai su da buhu-buhu suke zubawa. Ban san daga ina alif yake fitowa ba sai da na shiga jami'a, na ji ashe ana iya yin sa da farar ƙasa, irin wadda ke jibge a Ƙanƙara.

Ga yadda abin yake. Kusan kashi 40 cikin 100 na tsantsar farar ƙasa wani sinadari ne da ake kira alumina. A ɗanyenta ba ya sakuwa da sauƙi, sai an gasa ta a zafin da ya kai 600 zuwa 800 a ma'aunin Selshiyos. Daga nan a dafa ta da asid na salfa, a tace, a bar ruwan ya daskare, alif ya fito. Wanda ya karanta kemistiri zai yi wannan a ɗakin gwaje-gwaje da cokali biyu na ƙasa. Aikin injiniya yana farawa ne ranar da aka ce ana son tan goma kullum.

Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwon mutum biyar, sannan ta ga tuwon biki, ta san ba ninka gari da ruwa kawai ake yi ba. A babbar tukunya ƙasa na ƙonewa sama bai nuna ba. Haka tankin masana'anta yake. Zafi ba ya fita daga babban tanki da sauri kamar yadda yake fita daga ƙaramar kwalba, kuma asid yana cin ƙarfe. Wane irin tanki za a ƙera? Man fetur ko gas nawa gashin zai ci? Ina za a kai ragowar laka mai asid don kada ta gangara gonakin mutane? In an gama lissafi, buhun namu zai fi wanda ake kawowa daga nesa araha? In bai fi ba, aikin ya mutu, komai kyansa a takarda.

To, a digiri na farko ɗanɗana mana waɗannan ake yi, kowanne kaɗan. A digiri na biyu mutum yake ɗaukar tambaya guda ya zauna da ita shekara ɗaya da rabi ko biyu, ƙarƙashin malami mai duba aikinsa. A sashen injiniyan sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya an yi bincike da yawa a kan farar ƙasar Ƙanƙara, har da sarrafa ta zuwa ziyolait, wani gari da matatun mai ke amfani da shi wajen farfasa mai nauyi ya koma fetur. Sunan Ƙanƙara yana cikin mujallun kimiyya na duniya saboda wannan ƙasa, alhali da yawa ba su san garin ba sai a Disambar 2020, lokacin da aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta can. Wannan yana ci mini rai, gaskiya.

Mai sha'awar halittu kuma yana da nasa ɓangaren: yadda ake mayar da sitacin masara ko dawa ya zama sukari, sannan yis ya mayar da shi itanol, ko yadda ake raba man angurya da gubar da ke cikinsa kafin ya ciwu. Yankinmu na auduga ne, ba sai na faɗa muku ba.

Yanzu hanyar. Kana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri, kuma waɗannan huɗun za ka rubuta a JAMB. Sai shekara biyar a jami'a tare da watannin koyon aiki a masana'anta, sai hidimar ƙasa. Digiri na biyu yana son sakamako mai kyau, masu ba da tallafin karatu irin su PTDF ma shi suke fara dubawa.

Inda na yi kuskure shi ne lissafi. Na shigo ina taƙama da kemistiri, sai na tarar lissafi ya fi yawa nesa ba kusa ba. A makarantar da na yi mun shafe zango biyu babu malaminsa, mu kuwa muna murna. Na biya bashin a ajin farko, da ƙyar na tsallake. Ke mai tambaya, in makarantarku na da darasin ƙarin lissafi, ki shiga tun wannan zangon. In babu, ki nemi tsohon littafinsa wurin yayyenki, ki fara da babin aljabara.