FILIN UWAR GIDA: Mai saƙa, mai garka, mai girki

A wannan wata filin ya leƙa wani gida a bakin Gulbin Maraɗi, kusa da Tibiri. A gidan akwai wata dattijuwa wadda shekarunta sun ɗara 50. Tana da ɗiya 6 da jikoki. Ba ta yi lakwal ba. Da girmanta ta shiga ajin yaƙi da jahilci, ta koyi karatu da lissafi. Mutanen unguwa suna ce mata Inna mai saƙa.

Saƙa ba sana'arta ba ce. Manomiya ce kamar kowa. Tana da gamana ta hatsi da wake, da garka a fadama, da jajayen awaki 2. Saƙar so ce kawai. Tana yi wa jarirai hula da safa da ƴar riga, ta kai ranar suna. Amma duk wanda ya duba yadda take tafiyar da saƙa da garka da girki zai samu abin koyo.

Yininta a lokacin ɗari

Da asuba ta yi salla, ta hura wuta, ta dama kunu. Kafin rana ta ɗaga tana cikin garka tare da autanta. Shi yake jan ruwa a rijiya, ita tana bayarwa. Fangali 10 gare ta. Kowane fangali faɗinsa mita 1, tsawonsa mita 5, kuma yana shan bokiti 4 a yini: 2 da safe, 2 da marece. Akwai albasa, da salati, da tamati, da tonka. Zogale yana kewaye da garkar a gefen shinge.

Da hantsi ta koma gida da ganye a kwando, ta ɗora abincin rana. Bayan azahar, in an ci an wanke kwanoni, sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar bedi ta ɗauko zare. Wannan shi ne hutunta. Da la'asar ta koma ban ruwa. Da dare, bayan tuwo da sallar isha'i, tana ƙara ɗan saƙa a hasken fitila mai aiki da rana, har barci ya zo.

Garkar ta gado ce. A shekarar 1984 an yi babban fari a Nijar. Gwamnatin Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a su kama noman rani. A lokacin ne mahaifiyarta ta samu wannan fili, ita kuwa tana yarinya mai ɗaukar bokiti. Tun daga nan garkar ba ta taɓa kwana shekara babu shibka ba.

Kowane aiki da watansa

Inna tana fara saƙar ɗari tun watan Agusta, bayan an gama maimai, kafin hatsi ya nuna. A lokacin hannu yana da ɗan sarari. Wata rana maigidanta ya iske ta da zare, ana zufa. Ya yi dariya ya ce: "Uwar gida, ana wannan zafi kina saƙa hular ɗari?" Ta ce: "Malam, ai kai ma ba ranar yunwa kake shibka ba."

Wahala ce ta koya mata haka. Wata shekara ta karɓi saƙar mutane har kaya 5 cikin watan Nuwamba, don kunyar ta ce a'a. Ta duƙufa bisa zare, irin albasarta ya wuce lokacin dashe. Da ta dasa a makare, zafi ya riski albasar tun ba ta yi kai ba. Ta kwashe ƴan ƙanana, ba su kai kasuwa ba. Kuɗin saƙar bai maida rabin hasarar ba.

Yanzu ga tsarinta. Agusta da Satumba, saƙa. Oktoba, girbi da zuba irin albasa. Iri irin na Galmi take zubawa, wanda ya yi suna har ƙasashen waje. Bayan kwana 40 zuwa 50 ta dasa. Daga Nuwamba zuwa Maris garka ce gaba, saƙa tana baya. In albasa ta nuna ta kwashe, ta shanya lawashi ta yi gabu, ta yanka tamatin da ya yi yawa ta yi kauɗa. Da su take miya har damina.

Ina kuɗin zare yake fitowa?

Inna tana da doka guda: kuɗin zare ba ya fitowa daga rumbu. Ba ta taɓa saida tiyar hatsi don ta sayi zare ba. Salati ne yake biya. Salati yana da sauri: kamar mako 3 a wurin reno, kamar wata 1 bayan dashe sai tsinka. Abin da ta samu ranar kasuwa tana rubutawa a littafinta, ta raba 3: na cefane, na iri, na zare.

Zare daga waje yake zuwa. A watan Janairu na 1994 an karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada. A lokacin ta koyi warware tsofaffin rigunan sanyi na gwanjo, waɗanda ake kira bosho. Tana zaɓen rigar da aka haɗa gefenta da ɗinki, ba wadda aka yanka da almakashi ba, don yankakkiya guntu-guntu take fitowa. Ta warware, ta naɗe zaren bisa bayan kujera, ta ɗaure shi wuri 4, ta wanke da sabulu. Sa'an nan ta rataye a inuwa da ɗan abu mai nauyi a ƙasa, har lanƙwasar ta miƙe. Rigar babba guda tana fidda kayan jariri har da saura.

Makiyaya za su tambaya: me ya hana a yi zare da gashin tumaki? Yawancin tumakin Nijar, kamar uda da balami, gashinsu gajere ne, ba ya kaɗuwa. Akwai tunkiya mai ulu da ake kira kundum a bakin kogin Kwara, wajen Tilaberi, amma ba ta da yawa. Don haka mafi yawan zaren da ke kasuwa ba ulu ba ne, ko da ana kiransa haka. Na roba ne, daga man fetur ake yin sa.

A nan akwai haɗari, sai a kula. Zaren roba in ya taɓa wuta yana kamawa, ya narke, ya manne a fata. Lokacin ɗari kuwa shi ne lokacin da yara suke kewaye wuta. Inna tana gwada kowane zare kafin ta fara. Ta yanki ɗan guntu ta kai bakin ashana. Ulu na gaskiya yana warin ƙonannen gashi, ya bar toka mai murmushewa. Auduga tana warin ƙonanniyar takarda. Na roba yana narkewa ya dunƙule, ya yi baƙi, ya yi tauri. Duk uwar da ta ba riga tana gaya mata: kada yaro ya matsa kusa da murhu da ita.

Saƙa lissafi ce

Da can Inna da ƙiyasi take saƙa. Wata hula ta yi wa jariri yawa, wata ta matse shi. Ajin yaƙi da jahilci ne ya gyara wannan. Tana kiran kowane zagayen zare da ke bisa allura "ido". Kafin ta fara, tana saƙa ɗan ƙyalle na gwaji ta auna da abin awon tela. In ido 20 suka ba da santimita 10, to, kowane santimita ido 2 ne.

Kan jariri sabon haihuwa kewayensa kamar santimita 34 ne ko 35. Saƙa tana miƙewa, don haka hular santimita 32 ta isa. 32 sau 2, ido 64 ke nan. Ta saƙa har tsawon ya kai santimita 10. Daga nan ta fara ragewa: a layi guda ta haɗa ido biyu-biyu a wuri 8, layi na gaba ta wuce ba ragi. Haka har ido 8 su rage. Ta zare su da allurar ɗinki, ta ja, ta ɗinke gefe. Ƙwallon zare mai giram 50 ya ishi hula guda. Ba ta sa doguwar igiya a hular jariri, don kada ta naɗe masa wuya.

Duk wannan yana rubuce a littafin da take rubuta kuɗin salati da ranar zuba iri.

Ranar da saƙar ta yi rana

Ɗiyarta ta uku ta dawo gida goyon ciki na fari. Ana sa ran haihuwa a ƙarshen Janairu. Inna ta gama hula da safa da riga tun Satumba ta ajiye a akwati. Sai naƙuda ta zo tun tsakiyar Disamba, cikin dare, iskar hunturu tana kaɗawa. A irin wannan lokaci sanyin dare a ƙasar Maraɗi yakan sauka ƙasa da digiri 15.

Aka kai ta asibiti a amalanke. Ta haifi ɗiya mace mai kilo 2 da giram 200. Duk jaririn da bai kai kilo 2 da rabi ba, ƙarami ne, kuma sanyi babban abokin gabarsa ne. Ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi. Kansa kuma babba ne bisa ga jikinsa, ɗumi mai yawa ta nan yake fita.

Unguwar zoma ta asibitin ta ce kada a yi wa jaririyar wanka sai bayan awa 24 aƙalla. A goge ta kawai. Ta ce a ɗora ta a ƙirjin uwarta, fata da fata, a ɗaure da zane, a sa mata hula da safa, a ba ta nono tun cikin awar farko. Wannan dabara an fara ta ne a wani asibiti na birnin Bogota, ƙasar Kolombiya, a 1978, kuma ta ceci ƙananan jarirai da yawa a duniya.

Tsofaffin dangi ba su so ba. Wata gwaggo ta ce: "Yaya, a bar jinjiri ba wanka? A ina aka taɓa yin haka?" Inna ta ce: "Ki yi haƙuri. Wanka yana nan, ba ya gudu. A bari ta yi ƙwari."

Da aka ɗauko hular nan mai ido 64, sai ta rufe wa jaririyar har hanci. Inna ba ta ce komai ba. Ta auna kan da zare, ta buɗe littafinta, ta yi lissafi: santimita 28 sau 2, ido 56. Ta zauna bakin gado ta kama saƙa. Kafin azahar hular ta hau kai daidai.

Sauran aikin na tukunya ne. Mai jego tana bukatar ci don nono ya zo. Inna ta riƙa dama mata kunun hatsi da gujiya. Da rana kwaɗon zogale: ta tafasa ganyen ba tare da ya daɗe bisa wuta ba, ta matse, ta zuba dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da tamati da ɗan mai da gishiri. Wata rana dambu da zogale, wata rana wake. Zogale yana da abin gina jiki da abin ƙara jini. Ba ta sayi ganye ko albasa ko sau ɗaya ba, duk daga garka. Karan zogalen kuma awaki suka ci, kashinsu ya koma garka bayan ya ruɓe.

Ranar suna jaririyar tana ƙirjin uwarta da hularta. Da ta yi wata 2, hular farko mai ido 64 ta zauna mata. Maigidan da ya yi dariya a watan Agusta, shi da kansa ya sayo ƙwallon zare 2 daga kasuwar Maraɗi ya ajiye wa Inna bisa tabarma.

Abin da za a riƙe

1. A fara saƙar ɗari tun kafin girbi. Kada saƙa ta ci lokacin dashe.

2. A gwada zare da ashana. Yaro mai rigar zaren roba ya nisanci wuta.

3. Hula taimako ce, ba magani ba ce. In jariri ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi sanyi, ko numfashinsa ya yi sauri, a kai shi asibiti nan da nan. In kuwa yana zufa, a cire hular.

4. A wanke salati da tamati da ruwa mai tsabta kafin a ci. Kada a zuba ɗanyen taki a fangalin salati.

5. Abin da aka auna a rubuta shi. Kai yana mantuwa, takarda ba ta mantuwa.

Yanzu kowace Juma'a da marece ƴan mata 3 na unguwa suna zuwa inuwar bedin nan. Ba su da allurar saƙa, da wayar ƙafar keke suke koyo. Inna ba ta karɓar ko dala. Sharaɗinta guda ne: kowace ta zo da littafi da alƙalami.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.