Raddi ga mai cewa kimiyyar zafi caca ce

Wani malamin fizik da muka sha shayi tare a kasuwar Bambeye ya dage cewa kimiyyar zafi ta ƙididdiga ba ta da tushe, shaci-faɗi ne aka sa wa rigar lissafi. Hujjojinsa uku ne, kuma duk sun girme shi da shekara fiye da ɗari.

Ya ce ƙa'idar farko ba a tabbatar da ita ba, wato cewa in aka killace abu, makamashinsa bai ƙaru bai ragu ba, to duk jerin da ƙwayoyinsa za su iya ɗauka yiwuwarsu ɗaya ce. Gaskiya ne, ba wanda ya tabbatar da ita ga kowane irin abu. Amma dokokin Newton ma ɗauka aka yi, aka gwada abin da suka haifar. Einstein ya hau wannan hanya a 1905 ya lissafa rawar ƙananan ƙwayoyi cikin ruwa, Perrin ya auna a 1908, lissafi da awo suka haɗu.

Ya ce dokokin motsi ba su san gaba da baya ba, don me shayi ke hucewa ba ya komawa da zafi? Wannan tambayar Loschmidt ce ta 1876, Boltzmann ya amsa a 1877. Ba a ce ba zai yiwu ba. Ɗauki ƙwaya 100 kacal cikin kwalba: damar su taru duka a rabi guda ita ce ɗaya cikin adadi mai lamba 31. To giram 18 na ruwa, ɗan kurɓi ɗaya, ƙwayoyinsa sun kai 6 da sifili 23 a bayansa. Malam ya lissafa da kansa, ni alƙalamina ya gaza.

Ta uku ta Zermelo ce, 1896, bisa binciken Poincaré: killataccen abu sai ya komo kusa da halinsa na farko. Zai komo, bayan jiran da shekara biliyan 13.8 na sararin samaniya ba su kai ƙiftawar ido ba a cikinsa.

Abin da ya ba ni mamaki, ya bar tambayar da ke da haƙori: me ya sa halitta ta fara da entirofi, wato ma'aunin hargitsi, kaɗan haka tun farko? Har yau malamai na ja a kanta. Da nan ya tsaya, da na sake ɗora masa buta a garwashi.