Faɗuwar Farkon Sakandare Ba Ta Rufe Ƙofar Jami'a

Kwanan baya wani maƙwabcina, dattijo mai sayar da hatsi, ya yi mini sallama da almuru, riƙe da takardar sakamakon ɗansa. Yaron ya gama shekarar farko ta babbar sakandare, ya zo can kusa da ƙarshen aji, Turanci da Lissafi duk an rubuta su da jan alƙalami. Dattijon ya ce, "Malam, duba mini. In babu alamar rabo, gara in cire shi tun da wuri in kai shi rumfa, da in yi ta ɗibar ruwa da kwando."

Na lura tambayar nan tana cikin zukatan iyaye da yawa a ƙasar nan. Waɗansu su kan mai da ɗa kasuwa, waɗansu su aurar da 'ya, duk saboda takarda guda ta shekara guda. Shi ya sa na ga ya kamata in ba da amsa a fili, ko Allah Ya sa wani ya amfana.

Da farko bari mu duba yadda a ke shiga jami'a a Nijeriya, domin mutane da yawa suna yanke hukunci ba su san sharaɗin ba. Abu biyu ne manya. Na ɗaya shi ne jarrabawar fita sakandare, wadda a ke yi a ƙarshen shekara ta shida, ko dai ta hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ko ta NECO, wadda aka kafa a 1999. Abin da a ke nema a cikinta shi ne kiredit biyar, har da Turanci, da kuma Lissafi a fannoni da yawa, watau daga A1 zuwa C6. Jami'o'i da yawa kuwa su kan yarda a haɗa sakamakon zama biyu, in ɗaya bai cika ba. Na biyu shi ne jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darussa huɗu a ke yi, Turanci na cikinsu tilas, makin duka kuwa 400 ne. Bayan wannan, jami'a ta kan yi tata tantancewa.

To, jama'a, a duba jerin nan da kyau. A ina aka ce a kawo takardar da ta nuna na nawa yaro ya zo a aji ɗaya? Gaskiya ne makarantu kan aika wa hukumomin jarrabawa da makin aikin aji na shekarun babbar sakandare, amma nauyin al'amarin yana kan abin da yaro ya rubuta da hannunsa ranar jarrabawa. Ma'aunin namu ƙarshe ya ke dubawa. Yaron da ya yi tuntuɓe yana ɗan shekara goma sha uku, ya miƙe yana ɗan goma sha bakwai, da shi da wanda bai taɓa tuntuɓe ba layi ɗaya za su shiga.

Na san wani zai ce, ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta. Maganar nan tana da ƙanshin gaskiya, ba zan yi gardamarta duka ba. Ilmi gini ne, wanda bai iya rabawa da kashi-kashi a aji ɗaya ba, ba zai fahimci Lissafin aji biyar ba. Har wa yau, a farkon babbar sakandare a ke raba yara, waɗansu zuwa kimiyya, waɗansu adabi, waɗansu kasuwanci, kuma sau da yawa makin ƙaramar sakandare a ke dubawa wajen rabon. Wanda aka hana shi ajin kimiyya, hanyarsa ta zama likita ko injiniya ta yi wuya ƙwarai. Saboda haka faɗuwar farko tana da illa. Amma illarta ita ce giɓin da ta bari a kan yaro, giɓi kuwa a na cike shi.

Kafin uba ya kira ɗansa daƙiƙi, ya kamata ya tambayi dalilin faɗuwar. Yara da yawa a Arewa su kan shiga sakandare ba su iya karanta Turanci sosai ba, alhali da Turanci a ke koyar da kome. Irin wannan yaro in ya faɗi a Tarihi ko Kimiyya, harshe ne ya kā da shi, ba a ma kai ga gwada basirarsa ba. Wani kuwa an kai shi makarantar kwana karo na farko, kewar gida da yunwa sun hana shi natsuwa. Wani idonsa ne ba ya ganin allo daga bayan aji, ba wanda ya sani. Wata yarinya tana talla har dare. Wani kuma, a faɗi gaskiya, wasa ne da miyagun abokai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da maganinsa, amma ba a ba da magani sai an san ciwo.

Sa'an nan ko da an kai shekara ta shida abin bai gyaru ba, hanya ba ta ƙare ba. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, wadda mutum zai sake zama ya cike abin da ya rasa. Jami'ar Ahmadu Bello tana da makarantar share fage a Funtuwa, an kafa ta domin irin waɗannan ɗalibai. Akwai kuma shirin IJMB, wanda jami'ar ke kula da shi, wanda ya ci shi da kyau ya kan shiga jami'a daga shekara ta biyu. Haka nan mai takardar NCE daga kwalejin horar da malamai, da mai difiloma daga kwalejin fasaha, suna iya neman shiga ta wannan ƙofa. Hanyoyin nan sun fi tsawo, suna cin kuɗi da haƙuri, amma sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Yana da kyau mu leƙa wata ƙasa, domin mu san darajar abin da mu ke da shi. A Amurka makin shekara huɗu na babbar sakandare ya kan bi yaro har ƙofar jami'a, watau faɗuwar farko ta fi tsada a can. Duk da haka, Jami'ar Kalifoniya, sa'ad da ta ke lissafin matsakaicin makin mai neman shiga, shekara ta biyu da ta uku ta ke ƙirgawa, ta bar ta farko a waje. Suna kuma da ƙananan kwalejoji na shekara biyu, inda ɗalibi zai gyara sunansa ya wuce jami'a. A Ingila ma, Winston Cacil, wanda ya zama Firayim Minista a 1940, bai yi fice a makaranta ba, kuma sai a karo na uku ya ci jarrabawar shiga makarantar soja ta Sandhurst, a 1893. Da an yanke masa hukunci a karo na farko, da tarihi ya zo da wani labari.

Amma fa akwai gargaɗi. Waɗansu iyaye, da zarar sun ga ɗansu ya yi rauni, sai su nemi cibiyar da a ke sayar da amsa, su saya masa kiredit. Wannan cuta ce, an yi wa yaro ita da sunan taimako. Jarrabawar JAMB da kwamfuta a ke yinta tun 2015, kuma ko yaro ya tsallake ta, ɗakin karatun jami'a zai tona asirinsa, a kore shi bayan an yi asarar shekaru. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Saboda haka ina kira ga iyaye, in sakamako ya zo da muni, su taka da ƙafarsu su je makaranta, su zauna da malamin aji. Su fara da Turanci da Lissafi, domin su ne ƙofa biyu da ba a kewaye su. Ina kira ga malamai su daina kiran yaro da sunan da zai kashe masa zuciya a gaban 'yan'uwansa, su kuma duba ko yana hawa ko yana sauka, domin wanda ya tashi daga maki ashirin zuwa arba'in ya yi aikin da ya cancanci yabo. Hukumomin ilmi na jihohi kuwa, ya kamata su sa a gwada karatun kowane yaro a makon da ya shiga sakandare, a ware wa masu rauni darasin gyara tun a lokacin, su kuma bar dama ga wanda ya farfaɗo ya sake neman ajin kimiyya.

Kai kuma yaro, kada ka ji wannan magana ka miƙe ƙafa, ka ce akwai sauran lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shekara biyu sun isa gyara in an fara yau, wata biyu ba su isa ba.

Abin da na gaya wa maƙwabcina ke nan. Na ce, "Alhaji, ka ba shi shekara guda, ka turo mini shi kowace yamma da littafin Turancinsa, mu ga abin da Allah zai yi." Ya naɗe takardar ya sa aljihu, ya ce zai turo shi. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilmi mai amfani, amin.