Jar wutar birki da ba ta mutuwa: cire fiyus ba gyara ba ne

Mu mutanen Tirmini da babbar hanya ta RN1 muke kwana, da ita muke tashi. Tsakanin Damagaram da Takeita, tankokin mai daga matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 da tirelolin kaya masu zuwa Maraɗi da Yamai ba sa yankewa. Wasunsu kan yada zango a bakin hanya da dare. Sau da yawa za ka ga an kashe inji, direba ya shiga barci, amma jar wutar birki tana nan tana ci a bayan mota. Da gari ya waye batir ya yi sanyi, sai a sa yaron mota ya zare fiyus ko ya cire ƙwan fitilar, a kama hanya. A ganina wannan dabara ta fi matsalar kanta haɗari.

Haushin direba yana da dalili. Ƙwan fitilar birki yakan ci wat 21. Idan kan mota da tirela suna da huɗu, wat 84 ke nan, wato amfiya 3.5 a motar da ke aiki da bolt 24. A awa 10 na dare, tsohon batir zai ji a jikinsa. To amma wutar nan ba ado ba ce. Ita ce bakin da direba ke gaya wa na bayansa cewa ya taka birki. Wadda ke ci kullum da wadda aka kashe duk ɗaya ne, babu mai faɗin komai. Ga hazon hunturu, ga 'yan kabu-kabu da ƙananan motocin haya masu bin bayan tirela kurkusa. A matsayina na malamin makaranta, ɗalibaina da ke hawa babur zuwa ƙauyukansu ta wannan hanya su ne a raina.

Abin takaici, gyaran bai cika wuya ba. A fara da abin taka birki: a sa hannu a ɗago shi sama. In wutar ta mutu, to wataƙila sifirin ɗin da ke mayar da shi ne ya saki. In ba ta mutu ba, a zare wayar makunnin. Wuta ta ɗauke? Makunnin ne ya maƙale, a sake wani. In tana nan, a zare filogin da ke haɗa kan mota da tirela, domin ƙura da tsatsa ko wayar da ta goge kan haɗa layin birki da wani layi mai wuta. Bayan haka sai a duba rile, shi ma yana liƙewa.

Motocin da ke da birkin iska kuwa suna bukatar ƙarin lura. A yawancinsu ƙarfin iska ne ke kunna fitilar. Idan bawul ɗin da ke ƙarƙashin ƙafar direba bai koma daidai ba, ko aka bar hannun birkin tirela a ja, iska za ta saura a layi. A nan fitila gaskiya take faɗa: birki bai gama saki ba. Wanda ya zare fiyus ya rufe bakin mai gargaɗi ne kawai, ya hau titi da birki yana goga, yana ɗaukar zafi, a motar da wataƙila fetur ta ɗauko.

Na san amsar direbobi: mai mota ba ya ba da kuɗin gyara, mai kaya kuma yana jira. Haka ne. Amma kuɗin makunni bai kai na batir ɗaya ba, balle a kwatanta shi da rai. In dare ya yi babu mai gyara, a kashe babban makunnin batir ko a cire kan batir har safe, muddin an kauce daga kwalta an ajiye alamar gargaɗi. Da safe a mayar, a nemi mai gyaran wutar mota kafin a yi nisa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma a Afirka abin ya fi muni idan aka auna da yawan jama'a. Ina kira ga jandarmomi da hukumar ANISER, idan sun tsayar da babbar mota, ban da duba takardu su ce direba ya taka birki su ga wuta ta kama, ya saki su ga ta mutu. Ƙungiyoyin direbobi ma su riƙa yin haka a tasha kafin mota ta tashi. Aikin minti ɗaya ne. Allah ya kiyaye hanya.