Amana a Kantin Kwari: Laifin Ba Na Dala Kaɗai Ba Ne

Duk wanda ya taɓa zaman shago a Kantin Kwari ya san wannan. Baƙo zai zo daga Maraɗi ko Damagaram, ya zaɓi dilolin atamfa da shadda na miliyoyi, ya ajiye abin da ya sawwaƙa, a ce masa, "Ɗauka Alhaji, sai ka juyo." Babu takarda, babu shaida. Abin da ya tsaya masa shi ne dillalin da ya san mahaifinsa, ko maigidan da ya sauke shi a Fagge.

Irin wannan yarda ba a yini ɗaya take ƙulluwa ba. Yaro yakan fara da shara da ɗauko kaya daga sito. A aike shi da dubu goma a ga ko canji zai dawo daidai, sannan a ba shi makulli, sannan aljihun tebur. Shekaru ake yi ana auna mutum.

Yau da yawa sun koma "kuɗi hannu". Ana ɗora laifin a kan dala, kuma da gaskiya a ciki. Bayan da aka saki Naira a watan Yunin 2023, an yi lokacin da wanda ya riƙe maka kuɗi wata uku yakan cinye wani kaso na uwar kuɗinka ko da ya biya cif. Rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris 2024, ya karya mutanen kirki. Amma wasu fakewa suka yi da guzuma suka harbi karsana: kayan sun ƙare, suna juya kuɗin mutane, wayarsu a kashe.

Abin da ya fi ci mini rai ma yana cikin shagon. Yaro ya yi wa maigida bauta shekara goma, lokacin sallama ya zo, sai a laƙa masa sata don kada a ba shi jari. Sauran yaran layin suna kallo, kuma darasin da suke ɗauka shi ne kowa ya ɗebi rabonsa tun da wuri.

Wasu na ganin rubuta bashi zargi ne. Amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarnin rubuta bashi da kafa shaidu take yi. Alhazan Kwari, ku rubuta bashi da ranar biya, ku rubuta wa yaranku shekarar sallama da jarin da za ku ba su, a gaban iyayensu.