Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Sakkwato

Ranka ya daɗe,

Na zo ne in tuna maka wani abin kirki da jiharmu ta taɓa yi, don kada ya zama an yi an wuce wurin.

A 2013 Sakkwato ta riga sauran jihohin Nijeriya fara raba wa masu haihuwa a gida man shafa cibiya, wato kulohekzidin, tare da ƙwayar hana zubar jini. Kafin nan kowa ya san yadda ake yi da cibiyar jariri: a gasa ta da tsumma ko tsingaro mai zafi, wasu su shafa man goge baki, in ta ruɓe a ce iska ce. Ba mafarki wani ya yi aka sauya ba. An gwada maganin ne a kan dubban jarirai a Nepal, aka buga sakamakon a 2006, sannan aka sake gwadawa a Bangaladash da Pakistan, aka ga ciwon cibiya ya ragu. Mu ungozomomi muka ɗauki wannan hujja muka shiga da ita zaure-zaure, muna fama da kakanni, waɗanda, Allah ya sani, ba sa sakin al'ada da sauƙi.

Amma hujja ba a karɓarta a kwanta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa a wasu ƙasashen Afirka an ɗiga wa jarirai maganin nan a ido bisa kuskure, har wasu suka makance. Wa zai fara ganin irin wannan in ba nas ɗin da ke tsaye a bakin gado ba?

To, ga inda gizo ke saƙar. Ma'aikaciyar jinya tana cika rajista kullum: nauyin jariri, zafin jiki, awon jini, wadda ta rasu da lokacin da ta rasu. Littafin ya cika, a ɗaure shi da igiya a jefa saman kabad. Ba mai zama da ita a ƙarshen wata ya tambaye ta me alƙaluman nan ke cewa. Ɗalibanmu kuwa suna rubuta kundin bincike don su samu takardar kammalawa, daga nan sai ƙura ta gaje shi. A ɗakin marasa lafiya magana ɗaya ce ke mulki: haka muka tarar ana yi.

Dubi zubar jini bayan haihuwa. Shekara da shekaru da ido muke ƙiyasta jinin, ido kuwa yana raina shi. Binciken E-MOTIVE, wanda aka buga a 2023, an yi shi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren ƙasarmu. A binciken, shimfiɗar leda ce mai aljihu da ma'auni ake sa wa mai haihuwa. Da jini ya kai layin haɗari, sai a haɗa tausar mahaifa da allurai da ƙarin ruwa lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Mummunar zubar jini ta ragu da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Akasarin aikin nan hannun ungozoma ne.

Roƙona, ranka ya daɗe, a ware wa ma'aikatan jinya na Asibitin Ƙwararru da na Maryam Abacha ko da awa biyu a wata, cikin lokacin aiki, su zauna da malaman jinya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su buɗe rajistar nan tare. Asibitin yara masu ciwon noma ma yana da tarin sani kan kula da miki da ciyar da yaro, bai kamata ya tsaya cikin katangarsa ba. Shimfiɗar awon jinin kuwa, a sa ta cikin kasafin baɗi da sunanta, har ta kai Illela da Sabon Birni.

Wassalam.

Wata ungozoma mai ritaya,
Mabera, Sakkwato.