Mai gyaran sola ya ƙara kuɗi: kafin ka ce to, kafin ka ce a'a

A ƙarshen watan Janairun da ya wuce mai gyaran solar gidanmu ya zo kamar yadda ya saba. Ya hau rufi ya share ƙurar hunturu daga kan faya-fayan, ya sauko ya duba ruwan batir, sannan muka zauna a zaure. Sai da ya sha ruwa ya gyara zama, ya ce, "Mushe, bana fa sai haƙuri. Jika 30 ɗin nan ba ta fitar da ni. Sai dai 45."

Shekara biyu ke nan muna da wannan alkawari da shi: in ba shi kuɗi a farkon shekara, shi kuma ya riƙa kula da kayan. Da ya faɗi sabon farashi, zuciyata ta rabu biyu. Ɗaya ta ce in amsa da to, saboda mutumin kirki ne kuma akwai kunya tsakaninmu. Ɗaya ta ce in sallame shi, tunda masu gyaran sola sun cika gari. Na ce ya ba ni mako guda. Abin da na koya a cikin makon nan shi ne dalilin wannan rubutu, don na san malamai da iyaye da yawa a Damagaram suna kan irin wannan gaɓa.

Mu tuna yadda muka shiga harkar sola. Wutar da NIGELEC ke rabawa a Damagaram da Maraɗi, kaso mai yawa daga Najeriya take zuwa, ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wutar a farkon Agusta, ba ta mayar ba sai a watan Maris na 2024. A cikin waɗannan watanni ne gidaje da dama a Zango da Birni da sauran unguwanni suka sayar da rago ko suka ci bashi suka ɗora faifan sola a rufi. Ni ma ina cikinsu. Mun yi lissafin kuɗin saye har dala ɗaya, amma kusan babu wanda ya yi lissafin kuɗin riƙo.

Riƙon kuwa shi ne aikin. Faifai mai kyau yakan kai shekara 20 zuwa 25 yana aiki. Batir ba haka yake ba. Irin mai ruwa da yawancinmu muka saya an ƙera shi ne don yanayin da bai wuce digiri 25 ba, kuma masana sun daɗe da sanin cewa duk ƙarin zafi na kamar digiri 10 yana rage rabin rayuwarsa. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ga shi mun kulle batir a ɗakin ajiya marar taga. In ana zuƙe shi fiye da rabi kowane dare, ƙarshensa yana ƙara matsowa. In ruwansa ya ja baya aka cika da ruwan rijiya ko na famfo maimakon tataccen ruwan batir, an kashe shi da hannu. Ƙurar da ta kwanta a kan faifai tana rage wutar da ke shiga, batir ya kwana bai ƙoshi ba. Da damina kuma tsawa ɗaya tana iya ƙona inbata. Batiran da aka saya a lokacin yankewar wutar nan, yanzu ne suke shiga shekarun gajiya.

Kuma ba ya mutuwa sai a lokacin da aka fi bukatarsa. Ni malamin makaranta ne, na san abin da watan Mayu yake nufi a gidan da ke da ɗan jarrabawar BEPC ko BAC. Yaro yana bita da dare, fanka na kaɗawa, fitila na ci. Ranar da batir ya ƙi, karatun daren ya tsaya, barci ma ya gagara, gobe ka ga yaron a aji yana gyangyaɗi. A wannan lokacin kowa ke neman mai gyara, kuma wanda ya zo neman taimako cikin zufa ba ya iya taya farashi.

Don haka na shiga gari na tambayi mutum biyu. Na farko wani matashi ne da aka yaba mini. Ya ce jika 20 a shekara. Na yi murna, har sai da na tambaye shi sau nawa zai zo duba kayan. Ya ce, "Ai Baba, in ta lalace ka kira ni kawai." Kuɗin mai na babur fa? A kaina. Ruwan batir? A kaina. Ashe jika 20 ɗin ba abin da za ta saya mini sai lambar wayarsa. Na biyu wani babban shago ne. Suka ce jika 60, da takarda da tambari, har da garanti. Na karanta takardar a tsanake. Garantin bai shafi komai ba sai kayan da aka saya a wurinsu, nawa kuwa a wani wuri na saya. Ɓarnar tsawa ma ba ta ciki.

Sai na dawo na lissafa abin da tsohon mai gyaranmu yake yi: zuwa huɗu a shekara, ruwan batir daga aljihunsa, ɗaure wayoyin da suka saki, kuma duk ranar da na kira shi ba ya kwana bai zo ba. A kan wannan ma'auni, 45 ɗinsa ta fi 20 ɗin wancan araha. Ƙarin nasa ma ba zalunci ba ne gaba ɗaya. Kayan gyara yawanci daga Kano suke shigowa ta Daura da Matamai, kuma kowa ya ga yadda rufe iyaka ya taɓa farashi. Amma da ban fita na tambaya ba, da ban san haka ba, kuma da ban sami bakin magana ba. Da ya dawo na gaya masa duk abin da na ji, ban ɓoye komai ba. Muka daidaita a jika 40, biya kashi biyu, muka rubuta a takarda, maƙwabcina ya sa hannu a matsayin shaida.

Ra'ayina shi ne: kada kunya ta sa ka sabunta alkawari ido rufe, kada kuma araha ta sa ka bar wanda ya san kayanka. Farashi shi kaɗai ba ya gaya maka komai. Ka tambayi sau nawa za a zo a shekara, da abin da za a yi a kowane zuwa. Ka tambayi wa ke biyan kayan da aka canza, wa ke biyan kuɗin hannu. Ka tambayi kwana nawa za ka jira in ka kira a tsakiyar bazara. Ka tambayi abin da ba ya cikin alkawarin, don a nan rigima take kwana. In za a canza batir, ka sa a rubuta ranar saye da tsawon garanti, ka kuma tambayi farashin na litiyom, wanda ya fi tsada a farko amma ya fi na ruwa daɗewa nesa ba kusa ba. Duk wannan a yi shi cikin sanyi, a Disamba ko Janairu, lokacin da masu gyara ke da sarari.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. A Ingila, inda sanyi ne abokin gaba, yawancin gidaje suna da tukunyar gas mai ɗumama ruwa da ɗakuna. Mutane da yawa suna biyan kamfani wani abu duk wata don ya duba ta sau ɗaya a shekara, ya kuma gyara in ta lalace. Alkawarin yakan sabunta kansa, farashi ya riƙa hawa a hankali a kan wanda bai duba ba. A fannin inshorar gida da ta mota abin ya yi yawa har hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi a can ta hana, daga Janairun 2022, a caji tsohon abokin ciniki fiye da sabo. Su suna da hukumar da za ta tsaya musu. Mu nan ba mu da wanda zai tsaya tsakaninmu da mai gyara sai bakinmu da takardarmu.

Na san abin da wasu za su ce. Wani abokin aikina ya ce mini rubuta takarda da mutumin da kuke gaisawa kullum rashin yarda ne. Ban yarda da shi ba. Zango unguwar fatake ce tun asali, nan ayarin Agadas da na Kano suke sauka, kuma kakanninmu ba su ɗauki shaida a ciniki a matsayin cin fuska ba. Mu da muke tsayawa a kasuwar Dole muna taya tiyar gero har a rage dala biyar, me zai sa mu ji nauyin tambaya a kan kayan da suka cinye albashin wata da watanni? Takardar ma shi mai gyaran take karewa. Ranar da tsawa ta ƙona inbata, ba zan zarge shi da abin da bai ɗauka ba.

Wani kuma zai ce albashin malami, balle ɗan kwantiragi, bai kai a ware wa mai gyara jika 40 ba. Wannan gaskiya ce, ba na musu. Amma batir sabo ya ninka wannan kuɗi sau da yawa, kuma da sabon gini gara yaɓe. Wanda bai iya shi kaɗai ba, ya haɗa kai da gidaje uku ko huɗu na layinsu su ɗauki mai gyara ɗaya. Zuwa ɗaya zai yi ya gama da su duka, farashi ya sauka. Share faifai da sassafe kafin ya yi zafi, da buɗe wa batir iska, yaran gida ma za su iya in an nuna musu. A kuma buɗe adashin batir tun ranar da aka sa sabo, ko da jika 2 ce a wata.

Maganata ta ƙarshe ga iyaye da kwamitocin makarantu ce, wato COGES kamar yadda muka saba faɗa. Na taɓa koyarwa a wata makaranta da aka ba kyautar sola. An yi biki, an ɗauki hotuna. Ba a shekara uku ba batiran suka mutu, faya-fayan suna nan a rufi lafiya lau, ɗakin karatun dare kuwa ya koma duhu, saboda babu wanda ya tambayi wa zai kula da su da kuma inda kuɗin zai fito. A taron iyaye na gaba, kafin a tafa wa wanda ya kawo kyauta, wani ya miƙe ya yi wannan tambaya. In babu amsa, a ware kuɗin riƙo a cikin kasafin shekara tun a zaman, a nemi masu gyara uku su faɗi abin da za su yi, a karanta a gaban kowa.

Bazara na tafe. Wanda bai leƙa ɗakin batirinsa ba tun damina, ya leƙa yau.